Yadda Ake Zaɓar Kujerar Mota ta Yaro, a Kafa Ta, a Ɗaure Shi a Ciki

Duk wanda ya tsaya a bakin titi a Agege ko Idi-Araba a Legas da safe, lokacin da ake kai yara makaranta, zai ga uwa a gaban mota da jariri a cinya, ko yaro ɗan shekara uku a tsaye tsakanin kujerun gaba yana leƙen hanya. Mu da muka tashi cikin al'adar goyo muna ganin babu inda ɗa ya fi samun aminci kamar jikin uwarsa, kuma haka abin yake a gida da kasuwa. A cikin mota kuwa lissafin ya sha bamban. Idan motar da ke gudun kilomita 50 a awa ta yi karo ta tsaya cak, duk abin da ba a ɗaure ba zai ci gaba da tafiya da wannan gudun, kuma ƙarfin buguwar ya yi daidai da faɗowa daga tsayin kusan mita goma, wato bene mai hawa uku. Babu hannun da zai iya riƙe yaro a irin wannan lokaci. Idan uwar ba ta ɗaura bel ba, jikinta ne zai matse jaririn a jikin gaban motar. Idan kuma ta zagaya bel ɗaya ta haɗa kanta da shi, nauyinta ne zai danne shi a jikin bel ɗin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa haɗurran hanya na kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, kuma su ne kan gaba wajen mutuwar masu shekara 5 zuwa 29. Hukumar ta kuma ce amfani da kujerar yara yadda ya dace na iya rage mutuwar jarirai a haɗari da kashi 71 cikin ɗari. A nan gida, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗin cewa yaron da bai kai shekara 12 ba kujerar baya ce wurinsa. Mai cewa komai ƙaddara ce bai yi ƙarya ba, amma ya tuna cewa an umarci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna sannan ya yi tawakkali.

Kujerar da ta dace da yaro

Nauyin yaro da tsawonsa ne ke nuna kujerar da ta dace da shi, shekaru kuwa jagora ne kawai. Saboda haka kafin ku shiga kasuwa ku duba katin asibitinsa ku ga awon ƙarshe da aka yi masa. Jariri yana farawa da kujerar da ke kallon baya, yawanci mai mariƙi kamar kwando, wadda a tsarin Turai take ɗaukar yaro har kilo 13. Daga nan sai kujerar da ke da maɗaurai masu kama jiki ta wuri biyar, kafaɗu biyu da ƙugu biyu da tsakanin ƙafafu, wadda da yawa daga cikinta ake iya kafawa tana kallon baya, daga bisani a juya ta gaba. A ƙarshe akwai kujerar ƙarin tsawo da ake kira busta, wadda aikinta kawai ta ɗaga yaro domin bel ɗin motar ya zauna masa daidai.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gaggawar juya yaro ya kalli gaba. Kan jariri ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon jikinsa, alhali ƙashin wuyansa bai gama ƙwari ba. Idan yana kallon gaba aka yi karo, maɗaurai za su riƙe gangar jikinsa, kan kuwa ya fizgu gaba da dukkan nauyinsa, kuma wuyan ne zai ɗauki wannan fizga. Idan yana kallon baya, bayan kujerar ne ke tallabe kai da wuya da gadon baya gaba ɗaya, kamar yadda tafin hannu ke tare ƙwallo. Wani farfesa ɗan Suwidin mai suna Bertil Aldman ne ya fito da wannan dabara a shekarun 1960, bayan ya lura da yadda 'yan sama-jannati ke kwanciya da baya domin jure ƙarfin tashin kumbo, kuma har yau a ƙasar tasa yara kan kai wajen shekara huɗu suna kallon baya. Ƙa'idar Turai ta R129 ta wajabta hakan har wata 15, ita kuwa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tun 2018 shawararta ita ce a bar yaro a haka har sai ya kai iyakar nauyi ko tsawon da kujerar ta ƙayyade. Iyaye kan damu idan suka ga ƙafafun yaro sun taɓa jinginar motar, suna ganin ya takura. Yaro na tanƙwashe ƙafa ba tare da wahala ba, don haka wannan ba dalilin juya shi ba ne. Abin dubawa shi ne kansa: idan tazarar da ta rage tsakanin tsakar kansa da bakin kujerar ba ta kai santimita biyu da rabi ba, ya girmi wannan kujera.

Sabuwa ko tokumbo

A Legas, inda mota da firiji da keken yara duk ake samun na hannu, kujerar tokumbo ce za ta fara zuwa ran mai neman sauƙi. Ra'ayina shi ne a nan ya kamata a ɗan daure a sayi sabuwa, ko a karɓi ta ɗan'uwa ko maƙwabcin da aka san tarihinta, domin kujerar da ta taɓa shiga haɗari mai ƙarfi na iya samun tsagewar da ido ba ya gani, kuma mai shago ba shi da hanyar sanin inda ta fito. Kowace iri ce, ku juya ta ku karanta takardar da aka manna a jikinta. Ta Turai tana ɗauke da tambari, yawanci mai ruwan lemo, da harafin E a cikin da'ira da lambar R44/04 ko R129. Ta Amurka kuma tana ɗauke da bayanin cewa ta cika ƙa'idojin kariyar motoci na gwamnatin tarayyar ƙasar. Ku nemi ranar da aka ƙera ta, domin masu ƙerawa kan ba kujera wa'adin shekara shida zuwa goma, kuma roba na saurin gajiya a zafin rana irin namu. Wadda ba ta da takarda, ko maɗauranta suka fara zarewa, ko makullinta ba ya yin ƙara idan an danna shi, ku bar wa mai ita. Haka nan ƙananan kujerun yadi marasa ƙashi da ake rataya wa a jikin kujerar mota: ba sa kare komai.

Kafa ta a mota

Kujerar baya ce wurin kafawa. Kada a kuskura a sa kujera mai kallon baya a gaba matuƙar jakar iskar da ke gaban fasinja, wadda ke kumburowa idan an yi karo, tana aiki, domin idan ta fashe bayan kan jaririn za ta doka kai tsaye. Tsakiyar baya ta fi nisa da kowace ƙofa, amma idan kujerar ba ta kafu da kyau a nan ba, gefe ya fi, musamman gefen dama, inda za a riƙa sauke yaro ta bakin hanya ba ta inda danfo da babura ke wucewa ba.

Hanyar kafawa biyu ce. Ku zura hannu tsakanin mazauni da jinginar kujerar baya. Idan kun ji wasu ƙananan ƙarafa biyu, motar na da ƙugiyoyin da Turawa ke kira ISOFIX, Amurkawa kuma LATCH, waɗanda ake samu a motocin Amurka tun wajen 2002. Ana maƙala ƙugiyoyin kujerar a jikinsu har sai sun yi ƙara. Idan babu su, bel ɗin mota ya wadatar, muddin an bi da shi ta ramukan da littafin kujerar ya nuna. A kujerun Turai na tsarin R44, shuɗiyar alama ta kallon baya ce, ja kuma ta kallon gaba. A yawancin motocin da aka shigo da su daga Amurka, idan aka ja bel ɗin har ƙarshensa aka sake shi a hankali zai riƙa ƙara yana komawa, alamar ya kulle ke nan. Ku danna kujerar da gwiwa ko da hannu yayin da kuke jan bel, sannan ku kama ta daidai inda bel ɗin ya bi ku girgiza. Idan ta motsa fiye da santimita biyu da rabi gefe ko gaba, ku kwance ku sake. Ba a haɗa ƙugiyoyi da bel a lokaci ɗaya sai idan littafin ya halatta.

Kujerar jariri tana buƙatar ta ɗan kishingiɗa, tsakanin digiri 30 zuwa 45, kuma yawanci akwai layi ko ma'auni a gefenta mai nuna daidai. Idan ta miƙe da yawa, kan jaririn zai faɗo kan ƙirjinsa ya toshe masa numfashi. Mai kallon gaba kuwa, idan tana da igiya a samanta, a maƙala ta a ƙugiyar da ke bayan kujerar motar, domin ita ke rage fizgar kai.

Ɗaure yaron

Kowa ya san yadda muke naɗe sabon jariri: riga a kan riga, rigar sanyi, hula, safa, sannan shawul mai kauri, ko da kuwa rana na dukan tsakar ka. A cikin kujera wannan naɗi haɗari ne, domin tufa mai kauri na lotsawa a lokacin karo sai maɗaurai su yi sako-sako. A sa shi da kayansa marasa nauyi, a ɗaure, sannan a lulluɓa shawul a sama idan ana jin sanyin na'urar mota. Wannan magana gara a yi wa kaka ko gwaggon da ta zo wankan jego bayaninta tun a gida cikin ladabi, kafin ranar sallama daga asibiti, domin ita ce za ta miƙa hannu ta ce a ba ta jikanta ta riƙe.

Idan yaro na kallon baya, maɗauran su fito daga ramin da ke daidai kafaɗarsa ko ƙasa da ita kaɗan. Idan yana kallon gaba, daidai kafaɗa ko sama kaɗan. Su kwanta sumul ba tare da murɗewa ba. Bayan an ja, a gwada tsunkular maɗaurin a kan kafaɗa da yatsu biyu: idan ya tsunkulu ya ninku, bai ɗauru ba. Kujerun Amurka na da maɓalli a ƙirji, wurinsa daidai hammata ne, ba kan ciki ba.

Busta ba ta aiki sai da bel mai bi ta kafaɗa da cinya. Na ƙasa ya kwanta a kan saman cinyoyi, domin idan ya hau ciki zai iya yi wa hanji lahani, na sama kuma ya ratsa tsakiyar kafaɗa da ƙirji. Yara kan zame shi su mayar bayansu ko ƙarƙashin hammata, sai an riƙa waiwaye. Ana barin busta idan tsawon yaro ya kai wajen santimita 145, galibi tsakanin shekara 8 zuwa 12, lokacin da zai iya jingina sosai gwiwoyinsa kuma su lanƙwasa daidai bakin kujera.

Cunkoso, zafi da motar haya

Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada jariri ya wuce awa biyu a cikin kujera ba tare da an fito da shi ya miƙe ba, kuma wanda ya taɓa maƙalewa a Gadar Third Mainland ko hanyar Apapa ya san awa biyu ba komai ba ce a garin nan. Ku shayar da shi ku canza masa kafin fita, wani babba kuma ya zauna kusa da shi. Idan kuka ya yi yawa, a nemi gidan mai a tsaya. Kada a ciro shi don ana tafiyar hawainiya, domin hanya kan buɗe ba zato, sai a ga kowa ya taka wuta. Masu tafiya Kano ko Sakkwato hutun Sallah su tsara zango-zango tun daga gida, su kuma ƙirga kujeru kafin su yi wa 'yan'uwa alkawarin rage hanya.

A motar Uber ko Bolt sai kun zo da kujerarku, shi ya sa yana da kyau ku iya kafawa da bel ko da motarku na da ƙugiyoyi. Danfo da Keke Marwa ba su da wurin kafa ta, babur kuwa ba abin hawa da jariri ba ne. Idan babu makawa sai motar haya babba, a zauna nesa da ƙofa da kujerar gaba. Direban gida da mai raino su ma a koya musu ɗaurin, su yi a gabanku ku gani.

Motar da aka ajiye a rana zafin cikinta kan ƙaru da kusan digiri 11 cikin minti goma, kuma jikin ƙaramin yaro na ɗaukar zafi ninki uku zuwa biyar fiye da na babba, don haka ba a barin sa a ciki ko da za a shiga shago ne a fito, ko da an ɗan sauke gilashi. Ku riƙa ajiye waya ko jaka a ƙasan kujerar baya domin dole ku buɗe ƙofar idan kun isa. Kafin a sa yaro, a taɓa ƙarfen makullin da hannu, domin yana iya ƙona fata. Farin tawul da aka rufa wa kujerar lokacin da motar ke ajiye yana maganin wannan.