Yadda ake gano matsalar sauti idan an haɗa kwamfuta da na'urar sauti ta waje

Idan na'urar sauti ta waje, wadda ake jonawa da kwamfuta ta USB, ta yi shiru ko ta fara kakkatsewa, da wuya a ce ita ce ta lalace. Galibi laifin yana cikin saiti ko waya, don haka abin da ya fi dacewa shi ne ka bi hanyar da sautin yake bi daga manhaja zuwa lasifika, kana sauya abu guda a kowane gwaji, domin wanda ya sauya abubuwa uku a lokaci ɗaya ba zai san wanne ne ya yi maganin ba.

Fara da na'urar kanta. Sa abin sauraro na kunne a ramin da aka tanadar masa a jikinta. Idan ka ji sauti a nan, to matsalar tana tsakaninta da lasifika. Yawancin waɗannan na'urori suna da maɓalli ko abin murɗawa da ke zaɓa tsakanin sautin da ke shigowa daga makirufo da wanda ke fitowa daga kwamfuta, kuma idan an murɗa shi gaba ɗaya zuwa ɓangaren makirufo, babu abin da za ka ji daga kwamfutar ko da komai yana aiki daidai.

Sai waya. Akwai wayoyin USB da aka yi su don caji kawai, waɗanda za su kunna fitilar na'urar amma kwamfuta ba za ta gan ta ba. Haka kuma ramin USB 2.0 yana ba da miliamfiya 500 ne, USB 3.0 kuma 900, saboda haka na'urar da take raba rami ɗaya da wasu kaya ta hanyar mahaɗa marar wutar kanta tana iya ɗaukewa, musamman idan an kunna wutar bolt 48 ta makirufo. Jona ta kai tsaye a jikin kwamfutar.

Idan kwamfuta ta gan ta amma har yanzu shiru, tabbatar an zaɓe ta a matsayin mafitar sauti a wurare biyu: saitin kwamfutar da kuma saitin manhajar da kake aiki da ita, domin manhajojin haɗa sauti suna da nasu zaɓin daban. A Windows, sauke direban ASIO, wato manhajar da ke bai wa manhajojin sauti damar magana da na'urar kai tsaye, daga shafin kamfanin da ya ƙera na'urar. A ganina ya fi kwanciyar hankali a kan ASIO4ALL, direban gama-gari wanda bai kamata a nema ba sai idan kamfanin bai fitar da nasa ba. Windows yana kuma ƙyale manhaja ɗaya ta mallake na'urar ita kaɗai, shi ya sa bidiyo a burauza yakan yi shiru muddin manhajar haɗa sauti tana buɗe. Ana cire wannan izini a saitin na'urar. A Mac yawanci ba a buƙatar direba, ana duba komai ne a manhajar Audio MIDI Setup da ke zuwa tare da kwamfutar.

Matsalar da ta fi cin rai ita ce sautin da ke fitowa da ƙaraf-ƙaraf kamar ana taka busasshen ganye. Kwamfuta tana aika sauti ne kashi-kashi ta wata 'yar ma'ajiya da ake kira bafa, kuma duk lokacin da ta makara wajen cika ta, sai a sami giɓi, wanda shi ne ƙarar da kunne yake ji. A kan kilohaz 48, wato samfurin sauti 48,000 a kowace daƙiƙa, bafa mai samfuri 128 tana bai wa kwamfuta ƙasa da kashi uku cikin dubu na daƙiƙa ta kammala aikinta, mai 1024 kuwa tana ba ta kusan kashi 21. Saboda haka ka ɗaga ta zuwa 512 ko 1024 lokacin sauraro da tace sauti, ka sauke ta kawai lokacin ɗaukar murya, inda jinkiri yake rikita mai magana. Idan ƙarar ba ta daina ba, sa kwamfutar a caji, kashe tsarin tsimin wuta da ke sa ramukan USB barci, sannan ka gwada kashe Wi-Fi, domin direbansa yakan riƙe kwamfutar fiye da kima. Manhajar LatencyMon tana nuna direban da ke jawo hakan a Windows.

Muryar da ta yi kauri da nauyi, ko ta sirance da sauri, alama ce ta saɓani tsakanin kilohaz 44.1 da 48, sai a daidaita lambar ta zama ɗaya a kwamfuta da na'ura da manhaja. Ƙugi mai ɗorewa kuwa daga wutar lantarki yake zuwa. Zare cajar laftof ka saurara. Idan ƙugin ya ɗauke, jona kwamfutar da lasifikokin a soket ɗaya, ka kuma yi amfani da wayoyin sauti nau'in XLR ko TRS, waɗanda ke rage irin wannan ƙugi, amma kada ka cire ƙafar filogi ta uku, domin ita ce take kare ka daga jan wuta. Idan duk wannan bai yi ba, gwada na'urar a wata kwamfuta. In ta maimaita halinta a can da sabuwar waya, lokacin ne za a mayar da ita ga mai gyara.