Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Rina Akwatin Sifika da Shafa Masa Banish

Wanda ya taɓa haɗa akwatin sifika da hannunsa ya san cewa wahalar lissafin faɗin ciki, da yankan katako, da huda ramukan wufa (babbar sifika mai kaurin sauti) da tuwita (ƙarama mai siririn sauti), tana iya cin makonni, amma yini guda na gaggawa wajen rini da banish ya isa ya zubar da kwarjinin aikin baki ɗaya. Tushen yawancin ɓarnar shi ne zaton da ake yi cewa rini zai rufe aibin da aka bari a jikin katako, alhali rini da banish tona asirin katako suke yi. Duk karcen da ido bai gani ba a kan farin katako, da duk inda yatsa mai gam ya taɓa, za su fito fili da zarar launi ya hau. Saboda haka da dama daga cikin kurakuran da za a ambata a nan ana yin su ne tun kafin a buɗe gwangwanin rini.

Na farkonsu yana faruwa ne a wurin sayen katako. Mutane da yawa suna zaɓar MDF mai kaurin milimita 18, kuma suna da hujja, domin yana da nauyi, ba shi da rami a ciki, kuma ba ya yawan amsa kuwwa idan wufa ta buga. Sai dai MDF garin katako ne da aka matse da gam, ba shi da jijiya ko zanen da rini zai fito da shi, don haka idan aka shafa masa rinin katako, wanda kafintoci ke kira siten, abin da ake samu shi ne launi mai dauɗa-dauɗa kamar na kwalin da ya jiƙe. Wanda yake son kamannin katako a kan MDF sai ya manna masa siririn fallen katako na gaske sannan ya rina fallen, wanda kuma ba ya son wannan wahalar sai ya yi masa fenti. Ko fentin ma yana da sharaɗi, domin bakin MDF inda aka yanka yana shan ruwa kamar soso, yana iya shanye shafi uku ya kasance har yanzu da kaushi, yayin da fuskarsa ta riga ta yi santsi. Maganin wannan shi ne a goge bakin da samfefa mai lamba 220 (yadda lamba ta ƙara girma, haka samfefar ke ƙara laushi), a toshe shi sau biyu da shalak (wani ƙaro da ake narkarwa a sifirit) ko sila (ruwan toshe ƙofofin katako), a sake gogewa, sannan a kawo fenti. Wasu suna sirka farin gam da ruwa su shafa, kuma yana aiki, amma idan ruwan ya yi yawa bakin yakan kumbura ya tashi sama da fuskar, a koma neman yadda za a daidaita shi.

Gam kansa shi ne abin da ya fi ɓata akwatunan da na gani. Akwatin sifika yana buƙatar gam da yawa a kowace mahaɗa domin kada iska ta tsere, kuma idan aka matse sai rarar ta ɓulɓulo waje. Abin da hannu ke fara yi shi ne ɗaukar jiƙaƙƙen tsumma a share, wanda hakan narkar da gam ɗin yake yi ya tura shi cikin ƙofofin katako a faɗin yatsu biyu ko uku. Wurin yakan bushe ya yi kamar babu komai, sai ranar rini a ga farin zane ya bi gefen akwatin daga sama har ƙasa, saboda rini ba ya ratsa gam. Na taɓa ganin akwati na madaci da aka gama shi da kyau, amma a gefensa na dama akwai shatar babban yatsa, fara sol a tsakiyar jan launi, har layukan fatar yatsan ana iya ƙirgawa, daidai inda maƙerin ya riƙe allon lokacin da yake ɗaurewa. Hanyar da ta fi ita ce a liƙa salatif ɗin takarda a gefen kowace mahaɗa kafin a sa gam, ko kuma a bar rarar ta yi kamar minti 20 zuwa 30 har ta zama kamar roba, sannan a ɗauke ta da kurfi mai kaifi. Kafin rini kuma a shafe akwatin duka da tsumma mai ɗan tina (ruwan da ake tsinka fenti da shi), domin katako zai yi duhu na ɗan lokaci, inda gam yake kuwa zai tsaya fari, a gan shi a kankare. Idan an riga an rina sannan tabon ya bayyana, ƙara rini a kansa ba ya amfani. Dole a kankare wurin har a kai ga katako tsantsa, a goge da irin lambar samfefar da aka gama sauran jikin da ita, sannan a sake rinawa.

Gugar samfefa tana da kurakurai biyu masu kishiyantar juna. Akwai mai tsallake lamba, ya tashi daga 80 ya faɗa 220, yana jin santsi a tafin hannunsa, bai san cewa zurfafan karcen 80 suna nan ba, kuma su ne za su sha rini su zama baƙaƙen layuka. Tsarin da ya dace a kan katako tsantsa shi ne 120, sai 150, sai 180, a tsaya a nan ko a 220, kuma guga ta ƙarshe a yi ta da hannu ana bin tsawon jijiyar katako, ba a gicciye ba. Akwai kuma mai wuce gona da iri a kan filawud ko fallen katako, wanda kaurinsa sau da yawa bai wuce milimita 0.6 ba, a filawud mai araha ma bai kai haka ba. Injin guga yana iya cinye wannan cikin daƙiƙoƙi, musamman a kusurwa inda hannu ke karkata, sai a ga gam da katakon ƙasa sun leƙo, kuma wannan tabo ne da babu rinin da ke ɓoye shi. Dabarar da ke hana haka mai sauƙi ce: a zana layukan fensir a hankali a kan fuskar duka, a fara da 180, a naɗe samfefar a jikin ɗan guntun katako mai shafaffen ciki, da zarar fensirin ya ɓace a tsaya. Idan ɓarnar ta riga ta auku a kusurwa, abin da ya rage shi ne a yanke kusurwar a dasa siririn katako tsantsa, ko a sake manna sabon falle a fuskar baki ɗaya.

Wajen rinin kansa, ba kowane katako ne ke sha daidai ba. Filawud ɗin birch, wanda masu haɗa sifika a Turai da Amurka suke so saboda ƙarfinsa, da katakon fayin, sun shahara da yin dabbare-dabbare, wani wuri ya yi duhu ƙwarai wani ya ƙi kamawa. Ana rage wannan da shafa shalak da aka tsinka sosai da sifirit, shafi ɗaya, a bari ya bushe, a ɗan goge da 320, sannan a rina. Madaci kuwa yana karɓar rini da kyau, matsalarsa ita ce ƙofofinsa a buɗe suke, don haka mai neman ƙyalli irin na madubi sai ya cike su da fila tukuna, in ba haka ba banish zai riƙa nutsewa yana barin ƙananan ramuka komai yawan shafin. Katakon iroko da na tik suna da maiƙo a jikinsu wanda ke hana banish kamawa da bushewa, shi ya sa ake share su da tina dab da shafi na farko. Duk wannan ba a sanin yadda zai kaya sai an gwada, kuma wurin gwaji shi ne guntayen da suka rage daga allon da aka yanka, musamman da'irar da aka cire daga ramin wufa, a goge ta kamar yadda aka goge akwatin, a bi da ita duk matakan har banish na ƙarshe.

Rini ba fenti ba ne, kuma wanda ya lafta shi ya bar shi ya bushe a kan katako don ya sami duhu zai tarar da shi yana danƙo bayan kwana biyu, banish ɗin da ya hau kansa kuma ya riƙa ɓarewa. Ana shafawa ne a bar shi 'yan mintoci gwargwadon abin da aka rubuta a gwangwanin, sannan a share rarar da tsumma mai tsabta. Idan duhun bai isa ba a sake wani shafin bayan na farko ya bushe. Wanda ya riga ya yi danƙo ana iya narkar da shi da tsumma mai tina a share. Akwai kuma abin da ya keɓanci sifika, wato kasancewarsu biyu da za su tsaya a ɗaki ɗaya ido yana kwatanta su kullum. Idan aka rina ɗaya yau ɗaya gobe, ko aka manta ba a motsa gwangwanin ba har garin launin ya kwanta a ƙasa, na farko zai fito da haske na biyu da duhu. A yanka fuskokinsu daga allo ɗaya, a rina su a zama ɗaya, daga gwangwani ɗaya, ana motsawa lokaci zuwa lokaci.

Idan aka zo banish, yanayinmu yana da nasa hukuncin, kuma wanda ke aiki a Kano ko Zinder ba zai bi umarnin gwangwanin da aka rubuta don wata ƙasa ido rufe ba. A lokacin hunturu iska ta bushe ƙwarai, banish yana saurin kamewa har burushi ya bar sawunsa, ga ƙurar da ke sauka a kan duk abin da ke da danshi. A irin wannan lokaci a yi shafin a ɗaki rufaffe daga iska amma mai mafitar tururi, a yayyafa ruwa a ƙasa, a tsinka banish ɗin kaɗan, a yi shafi siriri sau uku ko huɗu maimakon mai kauri sau ɗaya, ana goge tsakaninsu da 320. Da damina kuma, musamman a watan Agusta, banish na selulos da masu feshi ke amfani da shi yakan yi fari-fari kamar hazo, domin saurin tashin tina yana sanyaya fuskar har raɓa ta kwanta ta maƙale a ciki. Sau da yawa fesa tina kaɗan a ranar da gari ya bushe yana sake narkar da fuskar danshin ya fita. Shanya akwati a rana tsaka don ya yi saurin bushewa kuskure ne a kowane lokaci, saboda iskar da ke cikin ƙofofin katako tana faɗaɗa ta huda shafin da ƙananan kumfa. Haka nan tsinka banish da fetur ko kalanzir, wanda ake yi don sauƙin kuɗi: kalanzir yana jinkirta bushewa, fetur kuwa tururinsa na kama wuta daga nesa. Kuma kada a fesa selulos a kan banish mai mai, domin tinarsa tana da ƙarfin da za ta tattare na ƙasa ya yi yamutse. Idan dole ne a haɗa iri biyu, a raba su da shafin shalak wanda aka cire wa kakinsa. Inda banish ya zubo ya daskare kamar hawaye, a bar shi ya bushe sarai, a aske shi da reza, a goge, a sake shafi.

Sauran kurakuran na sifika ne kaɗai, kuma su ne suka fi tsada, domin suna taɓa sautin. Kada a rina ko a fesa akwati alhali wufa da tuwita suna jiki, ko da an rufe su da takarda. Ramin da bakin sifika ke kwanciya a ciki, idan an yanka shi daidai wa daida, shafi huɗu na banish suna iya rage shi har sifikar ta ƙi shiga, don haka a bar ɗan sarari tun wajen yanka ko a rufe wurin bayan shafi na farko. Ƙasan akwati da bakunan ramuka, waɗanda ido ba ya gani, su ma a toshe su, domin MDF da ya sha ruwan wankin ɗaki ta ƙasa yana kumbura kuma ba ya komawa. Sai soson ƙarfe, wanda ake amfani da shi wajen kashe ƙyallin shafi na ƙarshe: yana zubar da ƙananan gashin ƙarfe da ido ba ya gani sosai, maganaɗisun sifika kuma yana janyo su, idan suka shiga siririn ramin da kwayil, wato naɗin wayar sifika, ke motsi a ciki sai a riƙa jin ƙarar gogayya wadda fitar da ita ke da wuya. A ƙarƙashin banish ɗin da ake tsinkawa da ruwa ma tsatsa suke yi su bar ɗigo-ɗigo. Soson roba na guga yana yin aikin ba tare da wannan haɗarin ba.

Bushewar da yatsa ke ji daban take da ƙeƙashewar gaske. Banish mai mai yana iya daina danƙo cikin yini ɗaya, amma yakan ɗauki kusan wata guda kafin ya kai ƙarshen taurinsa, kuma wanda ya ɗaure wufa da sukurori a rana ta biyu zai tarar bakinta ya manne da akwatin, ranar da ya zo cire ta kuma ta taho da banish ɗin. A bar akwatin a buɗe aƙalla mako guda, a kai hanci bakin ramin, idan har ana jin warin tina a ƙara masa kwanaki, domin wannan tururin idan aka kulle shi a ciki yana iya taɓa gam da sosan da ke riƙe da takardar sifika. Tsummokaran da aka yi aikin rini mai mai ko man linsid da su kuma kada a dunƙule su a jefa a kwandon shara ko kusa da garin katako, saboda man yana ɗumama yayin da yake bushewa har tsumman ya iya kama wuta da kansa cikin dare. A baje su ɗaya-ɗaya a waje a kan siminti har su bushe ƙayau, ko a nutsar da su a bokitin ruwa kafin a rufe shago.