Bufo, bufonid da Bufonidae: inda ɗalibai ke tuntuɓe da sunan kwaɗo a Turanci

A wurinmu kwaɗo kwaɗo ne, da na kududdufi da wanda ke laɓewa a gindin randa. Turanci ya raba su biyu, frog da toad, sannan masana halittu suka zo da nasu sunayen na Latin waɗanda ba su bi wannan rabon sau da ƙafa ba. Shi ya sa ɗalibin bayoloji kan haɗa kalmomi uku ya mai da su ɗaya, alhali kowacce da aikinta. Bufo kalmar Latin ce, kuma sunan jinsi ɗaya ne, wato genus, rukunin nau'o'i (species) masu kusanci da juna. Bufonidae sunan dangi ne (family) da ya ƙunshi jinsuna da dama, wanda masanin dabbobi John Edward Gray ya raɗa a 1825. Ita kuwa bufonid kalmar Turanci ce da ake kiran kowane ɗan wannan dangi da ita.

Babban kuskure shi ne ɗaukar cewa duk abin da Bature ya kira toad to bufonid ne. Ita toad kalmar yau da kullum ce, kamanni take dubawa: fata busasshiya mai ƙuraje, gajerun ƙafafu, ƙananan tsalle. Bufonid kuwa asali take dubawa. Xenopus na ruwan Afirka, mai farata a ƙafafun baya, wasu littattafai na kiran sa toad, amma dangin Pipidae ne. Haka Pipa pipa na Kudancin Amurka, wanda macen ke ɗaukar ƙwai a fatar bayanta. Wanda Amurkawa ke ce wa horned toad ma ba kwaɗo ba ne sam, ƙadangare ne. Ta ɗaya ɓangaren kuma, Atelopus zeteki na ƙasar Panama siriri ne, rawaya, mai sulɓin fata, ana ce masa frog, amma cikakken bufonid ne. Kafin ka rubuta kalmar, duba dangin dabbar, kada ka tsaya ga fatarta. 'Yan dangin Bufonidae ba su da haƙora ko ɗaya, galibinsu suna da kumburi biyu a bayan ido, kuma mafi yawansu ƙwansu a jere yake zuwa cikin dogon zare mai yauƙi. Na ce mafi yawa domin akwai Nimbaphrynoides occidentalis na Dutsen Nimba, a iyakar Gini, Laberiya da Kwaddebuwa, wanda haihuwa yake yi.

Kuskure na biyu ya fi shafar mu. Kwaɗon nan da ke fitowa da damina yana farautar ƙwari a ƙarƙashin fitila, wanda ake kawowa ɗakin gwaji a sakandare, tsofaffin littattafai sun san shi da Bufo regularis, sunan da masanin dabbobi Reuss ya ba shi a 1833. Sunan ya canza har sau biyu. A 2006 Darrel Frost da abokan aikinsa suka wallafa babban nazari kan dangantakar waɗannan halittu, suka rarraba jinsin Bufo, wanda a da aka cusa wa nau'o'i sama da 200 daga nahiyoyi daban-daban. Da yawa daga namu na Afirka, har da wannan, suka koma Amietophrynus. A 2016 Annemarie Ohler da Alain Dubois suka nuna cewa akwai sunan da ya riga wannan, Sclerophrys, tun 1838, kuma a ƙa'idar raɗa wa dabbobi suna tsohon suna shi ke da gaba. Yanzu dai Sclerophrys regularis ne. Bufo na nan, amma ya koma ƙaramin jinsi na Turai, Asiya da arewacin Afirka, irin su Bufo bufo. Kwaɗon rake da aka kai Ostareliya a 1935 don ya ci ƙwarin gona, ya zame musu annoba, shi ma ya tashi daga Bufo marinus zuwa Rhinella marina.

Ga yadda nake ganin ya kamata a yi. A jarrabawar sakandare, bi sunan da ke littafin da aka koyar da kai. A aikin bincike na jami'a, rubuta sabon sunan, ka ambaci tsohon sau ɗaya a farko. In kana neman rubuce-rubuce a intanet, nemi sunayen ukun duka, domin ayyukan da aka yi kafin 2006 dukkansu da sunan Bufo regularis suke, kuma suna da yawa.

Sai rubutun kansa. Sunan jinsi da babban baƙi yake farawa, na nau'i da ƙarami, ko a kan allo ko a kanun takarda. A kwamfuta ana karkata rubutun su biyun (italics), da hannu kuma a ja wa kowanne layi a ƙasa. Bayan ambaton farko ana iya taƙaitawa, S. regularis. Bufonidae na ɗaukar babban baƙi amma ba a karkata shi, ba a kuma ƙara masa s, don jam'i ne tun asali. Bufonid ƙaramin baƙi ne, jam'insa bufonids.

In abin da kake nufi duk kwaɗi ne ba tare da warewa ba, kalmar da ta dace anuran ce, daga Anura, wato marasa wutsiya a Girkanci, rukunin da ke da nau'o'i sama da 7,000. Wannan ita ta fi kusa da kwaɗon Hausa. Amphibian ta fi faɗi, don ta haɗa da salamanda masu wutsiya da wasu marasa ƙafa masu rayuwa cikin ƙasa.

Akwai kuma harafi ɗaya da ke cin maki. Kumburin bayan idon nan sunansa parotoid, daga nan farin ruwa mai dafi ke fitowa, wanda ake kira bufotoxin, shi ne ke sa kare dalalar da miyau in ya cafki kwaɗo. Parotid, babu o na biyu, ƙullin miyau ne na gefen kunnen mutum, wanda ke kumbura in yaro ya kamu da hangum. A zanen kwaɗo, parotoid za ka rubuta.