Koya wa Yaro Tari da Asusu

Asusu iri uku aka fi samu a kasuwa: na yumɓu, na gwangwani da na katako. Ga yaro ɗan shekara shida zuwa goma, na yumɓu ya fi, domin ba ya buɗuwa sai an fasa shi. Ku duba bakinsa kafin ku biya. Ya zama siriri, yadda takardar kuɗi mai ninki huɗu za ta shiga da ƙyar. In bakin ya yi faɗi, yaro zai riƙa zaro kuɗin da tsinken tsintsiya.

Kada a fara zubi sai kun yanke abu biyu da yaron: me za a saya, kuma yaushe za a fasa. Ku je kasuwa tare ku ji farashin abin, ko takalmin sallah ne ko budurwar kaza. Sannan a yi lissafi a gabansa. Naira 50 kowace ranar makaranta, naira 250 ke nan a mako, 1,000 a mako huɗu, 3,000 a mako 12. A ware shafi ɗaya a littafin rubutu, duk ranar da ya zuba a rubuta kwanan wata da adadin. In ya iya rubutu, shi zai rubuta da hannunsa.

Kuɗin zubi daga barka da sallah yake fitowa, da tukuicin aike, da ragowar kuɗin tara. Ragowa muka ce. Kada yaro ya wuni da yunwa a makaranta don ya cika asusu. Kuma duk kuɗin da ya kawo, a tambaye shi, "Wa ya ba ka?" Yaron da ake yaba wa yawan zubi ba tare da wannan tambaya ba yana iya fara ɗaukar canjin cefane.

Wurin ajiya yana buƙatar kula. Naira 5, 10, 20 da 50 na leda ne, laima ba ta cin su. Daga 100 zuwa sama takarda ce: da damina tana yin funfuna ta manne, gara kuma tana cinye ta in an ajiye asusun a ƙasa ko jikin bangon laka. Gwangwani yana tsatsa ya ɓata kuɗi. A ɗora asusu a kan kanta ko cikin akwati, wuri busasshe. A Nijar, inda ake zuba tsabar sefa, wannan matsala ba ta da yawa.

Kada ajiya ta wuce wata uku ko huɗu. Kaya na tashi, abin da kuɗin zai saya yau ba lalle ya saya baɗi ba. Kuma a ƙarshen 2022, da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira 200, 500 da 1,000, masu ajiya a gida sun sha wahalar kai tsofaffin kuɗi banki.

Abin da ya fi kashe wa yaro gwiwa shi ne uwa ko uba su fasa asusun da sunan aro, su ƙi biya. In larura ta tilasta, a nemi izininsa, a rubuta bashin a littafin, a biya ranar da aka ce.

Ranar fasawa, a shimfiɗa zane a ƙasa, babba ya fasa saboda tsinin fasasshen yumɓu, yaro ya ƙirga, a gwada da abin da ke rubuce.

Aikin yi: Yarinya tana zuba naira 100 kullum. Nawa za ta tara a kwana 45?