Darasi na 9: Yi wa Tsohuwar Kujerar Kushin Sabuwar Riga

Gidaje da yawa suna da irin wannan kujera. Yadinta ya yage, sosonta ya lotse, an jingine ta a zaure ana cewa sai bayan salla za a gyara. Salla ta zo ta wuce, wata ma ta wuce. In katakonta yana da rai, kada ku yar da ita. Katakon da aka yi kujerun da da shi sau da yawa ya fi na yanzu ƙwari.

Ku fara da duba katakon. Ku fitar da kujerar tsakar gida, ku girgiza ta. Ku ɗauki ƙusa ku soki ƙafafu da gindinta. In ƙusar ta nutse, ko gari ya zubo, gara ko ƙwaro ya ci wurin, sai kafinta ya sauya wannan katakon. Ku leƙa lungunan saboda kuɗin cizo. In kun gan shi, ku fesa magani, ku bar ta a rana kwana biyu ko uku. Rani ya fi dacewa da wannan aiki, domin da damina katako yana shan danshi, gam ba ya saurin kamawa.

Kayan aiki: guduma, filaya, almakashi, tef na awo, ƙananan ƙusoshi, gam, alli, soso, roba da yadi.

Yanzu ga wurin da mutane suka fi yin kuskure. Suna sa hannu su keta tsohon yadin, su zuba a shara. Kada ku yi haka. Tsohon yadin shi ne ma'auninku. Ku kifa kujerar, ku fara cire na ƙasa, sannan na baya, sannan na hannuwa, na mazauni a ƙarshe. Ku zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya da filaya, ku tara su a gwangwani don kada yara su taka. Kowane ƙyalle kuka cire, ku rubuta sunansa da alli: ƘASA, BAYA, HANNUN DAMA, HANNUN HAGU, MAZAUNI. Ku sa masa lamba, 1, 2, 3, 4, 5. Ga amfanin karatu nan a fili. Ranar mayarwa, mai lamba 5 za ku fara sawa, mai lamba 1 ya zo ƙarshe.

Ku shimfiɗa tsofaffin ƙyallayen a kan tabarma, ku auna. Yadi ɗaya inci 36 ne. Ku ƙara inci 2 a kowane gefe, saboda ja da naɗewa. Gara ya yi saura da ya gaza. Ni na fi son yadi mai kauri a kan leda, domin leda tana zafi da bazara, tana kuma tsagewa da hunturu.

In robar da ke ƙarƙashin mazauni ta saki, ku ja sabuwa ku saƙa ta kamar tabarma, ku buga. Soso mai kaurin inci 4 ya isa mazauni, mai inci 2 ya isa baya. A shago ku matsa shi da hannu. Wanda ya taso nan da nan shi za ku saya.

Wajen buga yadi, ku fara daga tsakiya. Ƙusa ɗaya a gaba, ku ja, ɗaya a baya, sannan dama da hagu. Daga nan ku bi zuwa kusurwa. Mutum biyu sun fi, ɗaya na ja, ɗaya na bugawa.

Aikin gida: tsawon ƙyallen baya inci 32 ne. Kun ƙara inci 2 sama, inci 2 ƙasa. Inci nawa ke nan? Yadi nawa za ku ce wa mai shago ya yanko?