Yadda ake tantance amiba mai zaman kanta ta siffa da DNA

Amiba mai zaman kanta halitta ce mai ƙwaya ɗaya da ke rayuwa a ƙasa ko ruwa. Siffarta takan kai mutum ga jinsi, ba kasafai take kai shi ga takamaiman nau'i ba. Sai an haɗa da DNA, kuma dukansu daga zuriyar ƙwaya guda.

Da farko a zuba agar (abu mai daskarewa da ake rainon ƙananan halittu a kansa) marar abinci mai kaurin kashi 1.5 cikin ɗari, wanda aka haɗa da ruwan gishirin Page (haɗin gishiri na rainon amiba), a faranti. A shafa masa bakteriyar E. coli, abincin amibar, a ɗora 'yar ƙasa ko lakar ruwa a tsakiya. A yi faranti biyu, ɗaya a zafin digiri 25 zuwa 30, ɗayan a 42 zuwa 45, don Naegleria fowleri, amiba mai kama ƙwaƙwalwa, na jure zafin na biyun. Haɗarinta babba ne, aikin na ɗakin bincike mai matakan kariya ne. A riƙa dubawa kullum har mako biyu. In fumfuna ta mamaye, a yanko agar daga gefen da amiba ta yi nisa, a kifa shi a sabon faranti. Amibar Balamuthia ba ta girma a nan, ƙwayoyin jikin dabba take ci.

Sai a ware ƙwaya ɗaya tak da siririn bututu, a raine ta. Wanda ya tsallake wannan yakan siffanta wata, ya karanta DNA ɗin wata.

A duba ta a maikuroskof tana cikin tafiya, ba tana shawagi ba, kuma kada gilashin rufi ya danne ta, don matsi na ɓata siffa. Acanthamoeba na da 'yan tsinkaye kamar ƙaya, ƙwanson da take yi wa kanta in yanayi ya tsananta bango biyu ne, na waje a yamutse, na ciki mai kusurwoyi. Vannella a baje take kamar mafici. Masu rikitarwa su ne Naegleria da Vermamoeba, dukansu dogaye. Ta farko takan fizgo gabanta kwatsam, ta biyu kuwa sulalewa take yi. A zuba musu tataccen ruwa: cikin awa ɗaya ko biyu Naegleria takan fito da bulala biyu. Wasu nau'inta ba sa yi, don haka rashin bulala ba hujja ba ne. Kamannin da ke tsakaninsu yaudara ce kawai, danginsu daban ne: Vermamoeba 'yar Amoebozoa ce, Naegleria 'yar Heterolobosea.

Daga nan a ciro DNA, a yi PCR, wato ninka wani sashen DNA ya yi yawa, a kan sashen da ake kira 18S, sannan a karanta jerinsa. Ga Acanthamoeba ana amfani da JDP1 da JDP2, 'yan guntayen DNA masu nuna inda za a ninka, kuma bambancin kashi 5 cikin ɗari a cikakken sashen ne ke raba rukunai. Rukunin T4 ne aka fi samu a cutar ido. Ga Naegleria wani sashen DNA mai suna ITS ya fi rarrabewa.

Kada a tsaya ga sakamakon BLAST, manhajar nemo jeri masu kama da juna, don akwai jeri masu sunan kuskure a GenBank, rumbun adana jerin DNA. A jera nata da na sanannun nau'o'i, a gina bishiyar dangantaka. In siffa da bishiya suka saɓa, a fara zargin gauraya, a sake ware ƙwaya.