Yadda za ka bi sawun kuɗin da Jamhuriyar Benin ke kashewa a kan soji, shekara bayan shekara

Mutumin Bagudo ko Illo ba ya buƙatar a gaya masa cewa arewacin Benin ya canza. Tun ƙarshen 2021 masu ɗauke da makamai suka fara kai wa sojojin ƙasar hari a yankin dazukan W da Pendjari. A 2022 gwamnati ta kafa rundunar Mirador domin tsare arewa, a watan Afrilun 2025 kuma ta tabbatar da an kashe mata sojoji 54 a rana guda. Mu a Kebbi wannan ba labarin nesa ba ne, domin daga Tsamiya zuwa Segbana tafiya ce da 'yan kasuwarmu suka saba yi.

To, maƙwabciyar tamu ta ƙara wa sojojinta kuɗi ne? Idan ta ƙara, tun yaushe, kuma da nawa? Ɗalibin da ke rubuta aikin kammala karatu a Birnin Kebbi ko Aliero, da ɗan jaridar da ke shirya rahoton rediyo, duk za su iya samo amsar da kansu. Abin da ke damuna shi ne yawanci lambar farko da aka ci karo da ita a intanet ake ɗauka, a ce "ya ninka" ko "ya faɗi", alhali lambar ba haka ta ce ba. Ga hanyar da nake ganin ta fi aminci.

Mataki na 1: Ɗauko alƙaluman daga tushe

Nemi ma'ajiyar bayanan kuɗin soji ta SIPRI, cibiyar binciken zaman lafiya da ke ƙasar Suwidin. Kyauta ce, tana da alƙaluman ƙasashen duniya tun daga 1949, kuma duk watan Afrilu ake sabunta ta. Alƙaluman da ke shafin Bankin Duniya ma daga nan aka kwaso su, don haka idan ka ga biyun sun yi daidai, kada ka ce ka samu shaidu biyu. Shaida ɗaya ce. Sauke fayil ɗin Excel gaba ɗaya. Yana buɗuwa a waya, amma a kwamfuta ya fi daɗin aiki.

Mataki na 2: San abin da aka ƙirga da wanda aka bari

SIPRI tana haɗa albashin sojoji da fanshonsu, da kuɗin tafiyar da ma'aikatar tsaro, da sayen makamai, da gine-ginen bariki, da dakarun da ba sojoji ba ne amma an horar da su aikin soja. 'Yan sandan gari ba sa ciki. Tallafin soji kuwa a lissafin ƙasar da ta bayar ake sa shi, ba ta da ta karɓa ba. Wannan na ƙarshe yana da nauyi ga ƙasa irin Benin, wadda Faransa da Amurka da Tarayyar Turai suka taimaka mata da kayan aiki a 'yan shekarun nan. Motar sulke da aka ba ta kyauta tana nan tana sintiri a arewa, amma ba za ka gan ta a layin Benin ba.

Mataki na 3: Zaɓi shafin da ya dace da tambayarka

A nan ake yawan yin ɓatan kai, don haka zan ɗan tsaya. Idan ka duba ƙasan fayil ɗin za ka ga shafuka da dama: na kuɗin ƙasar kanta, na dalar Amurka a farashin kowace shekara, na dala a tsayayyen farashi, na kason da kuɗin soji ya ci daga arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara, wato GDP, na kason da ya ci daga duk kuɗin da gwamnati ta kashe, sai kuma na rabon kowane mutum ɗaya.

Idan tambayarka ita ce ko kuɗin ya ƙaru cikin shekaru, shafin tsayayyen farashi za ka buɗe, domin an riga an cire hauhawar farashi daga cikinsa. Manomin shinkafa a fadamar Argungu ya san wannan lissafin sarai: yana iya sayar da buhu da kuɗin da ya fi na bara, amma ya je sayen taki ya tarar kuɗin bai kai masa inda na bara ya kai ba. Kasafin soji ma haka yake.

Shafin dala ta farashin kowace shekara kuwa, canjin kuɗi ne ke wasa da shi. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi: sefa 50 da ke sayen faran ɗaya na Faransa ta koma 100. Ko da Benin ba ta rage ko sisi daga kasafin sojinta na sefa ba a wannan shekara, a dala sai ka ga kamar an yanke shi gida biyu. Tun 1999 kuma sefa tana ɗaure da yuro, yuro ɗaya a kan 655.957, saboda haka duk lokacin da dala ta yi ƙarfi a kan yuro, lambar Benin ta dala kan sauka ba tare da wani ya taɓa kasafin a Kwatano ba. Mu da muka ga abin da ya faru da naira daga watan Yunin 2023 bai kamata wannan ya ruɗe mu ba.

Mataki na 4: Kwafe layin Benin, ka kula da launuka

Nemo Benin a ƙarƙashin ƙasashen Afirka kudu da Sahara, ka kwafe layin zuwa sabon shafi, shekaru a gefe ɗaya, kuɗi a ɗaya gefen. Lambar da aka rubuta da shuɗi kiyasin SIPRI ne, ta ja kuma alama ce cewa akwai shakka mai yawa a kanta. Inda ka ga ɗigo-ɗigo, babu bayani ke nan. Bar gurbin haka nan. Kada ka sa sifili, kada ka cike da lambar da kake zato. Sifili yana nufin ba a kashe komai ba, wannan kuwa ƙarya ce da za ta jirkita maka duk lissafin.

Mataki na 5: Zana layi, sannan ka yi lissafi

Zaɓi jerin biyu ka sa Excel ya zana maka layi. Ka ɗan zuba masa ido kafin ka taɓa komai. Don sanin yawan ƙari tsakanin shekaru biyu, cire tsohuwar lamba daga sabuwa, ka raba da tsohuwar, ka ninka da 100.

Amma ka yi hattara da shekarar da za ka fara daga gare ta. Kasafin ƙaramar ƙasa ba shi da yawa, don haka sayen jirage masu saukar ungulu guda biyu kawai yana iya ɗaga layin shekara ɗaya sama, washegarin shekara ya dawo ƙasa. Wanda ya fara ƙirga daga wannan tudun zai ce kuɗi ya faɗi, wanda ya fara daga kwarin da ke kusa da shi zai ce ya yi tashin gwauron zabi, kuma dukkansu daga fayil ɗaya suka ɗauko. Maganin abin shi ne ka haɗa shekaru uku-uku ka fitar da matsakaicinsu. Misali, kwatanta matsakaicin 2018 zuwa 2020, kafin hare-haren su fara, da na 2022 zuwa 2024.

Mataki na 6: Ɗora tarihin ƙasar a kan layin

Wannan ne aikin da na fi ba muhimmanci, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Buga zanen a takarda idan da hali, ka ɗauki biro ka yi alama a waɗannan wurare: 1972, lokacin da Mathieu Kérékou ya karɓi mulki da ƙarfin soja, 1990, taron ƙasa da ya kawo tsarin jam'iyyu da yawa, 1994, karyewar sefa, 2016, hawan Patrice Talon kujerar shugaban ƙasa, sai 2021 zuwa yau.

Akwai shekaru biyu da ba kowa ke tunawa da su ba. A 2018 Benin ta haɗe jandarmominta da 'yan sanda suka zama runduna ɗaya a ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida. Idan aka ɗauke dubban ma'aikata da albashinsu daga wata ma'aikata zuwa wata, takardun kasafi kan nuna sauyi ko da babu bindiga ɗaya da aka rage. Duk wata lanƙwasa da ka gani kusa da wannan shekara, ka karanta ta da wannan a ranka. A 2019 kuma ƙasar ta sake tsarin lissafin GDP ɗinta, adadin ya ƙaru da fiye da kashi ɗaya bisa uku, kamar yadda Najeriya ta yi a 2014. Idan abin da ake rabawa da shi ya girma, kason soji sai ya ƙanƙance a takarda. Saboda haka kada ka haɗa kason da ka gani a tsohon rahoto da wanda ke cikin sabon fayil a jere ɗaya.

Mataki na 7: Auna da maƙwabta

Lamba ita kaɗai ba ta faɗin babba ce ko ƙarama. Kwafo layukan Togo da Nijar da Burkina Faso ka jera su da na Benin. Dukkansu sefa ɗaya suke kashewa, kuma matsalar tsaro iri ɗaya ta taɓa su a lokuta daban-daban, don haka kwatancin yana da ma'ana. Yi amfani da kason GDP ko kason kuɗin gwamnati. Jera dalar Benin kusa da ta Najeriya ba ya nuna komai sai cewa Najeriya ta fi girma. Idan kana son ma'aunin duniya, SIPRI ta ce a 2024 duniya ta kashe dala biliyan 2,718 a kan soji, kashi 2.5 cikin ɗari na arzikinta.

Ni dai kason kuɗin gwamnati na fi so a nuna wa jama'a, domin shi ke bayyana zaɓin da aka yi: cikin kowace sefa ɗari da gwamnati ta kashe, nawa ya tafi bariki, nawa ya rage wa makaranta da asibiti da hanya.

Mataki na 8: Rubuta abin da alƙaluman suka nuna kawai

Kuɗin da aka ware daban, wanda aka kashe daban, wanda ya isa hannun sojan da ke bakin daji kuma daban. A Najeriya, a ƙarshen 2017 aka amince a ciro dala biliyan 1 daga asusun rarar man fetur domin tsaro, a wajen kasafin ma'aikata. A Nijar, binciken da ya fito a 2020 ya gano biliyoyin sefa sun salwanta a kwangilolin makamai, ta hanyar ƙara farashi da biyan kuɗin kayan da ba a kawo ba. Layin da ya hau sama yana nuna kuɗi ya fita. Ko ya zama tsaro ga mutanen Karimama da Malanville a arewacin Benin, wannan tambaya ce ta daban da ke buƙatar nata binciken, kuma ina roƙon duk mai rubutu ya raba su biyun a fili.

Idan ka zo rubutawa, jimlarka ta ƙunshi shafin da ka yi amfani da shi, da shekarun da ka kwatanta, da inda aka samu gurbi ko jar lamba. Ka kuma rubuta ranar da ka sauke fayil ɗin, domin SIPRI kan gyara alƙaluman shekarun baya idan sababbin bayanai suka zo mata, kuma malamin da zai duba aikinka a watan Mayu yana iya tarar da lambar da ta saɓa wa wadda ka kwafa a Fabrairu.